Yadda rumbun bayanai ke ajiye lokaci: amsa ga mai kula da manhajar shago a Katsina da Daura

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da manhajar wani shagon kayan masarufi mai reshe biyu, babban a Katsina, ƙaramin a Daura. Kwamfutocin rassan na ajiye ciniki a ƙaramin rumbun bayanai na SQLite, idan intanet ya samu sai su daidaita da babbar saba, wato kwamfutar tsakiya, mai rumbun PostgreSQL. Abu uku ke damuna. Cinikin da aka yi bayan sha biyun dare, musamman a goman ƙarshe na azumi, yana faɗawa cikin lissafin jiya. Idan reshe ya jawo sababbin canje-canje ta hanyar duba gurbin lokacin_gyara, wasu layuka na tsallakewa. Wani lokaci kuma tsohon farashi ya danne sabo. Yaya rumbun bayanai ke riƙe lokaci a can ƙasa, kuma ina kuskuren yake?

Wa alaikumus salam, Malam. Matsalolin nan uku uwarsu ɗaya. A cikin rumbun bayanai akwai lokaci iri biyu, kai kuma kana ɗora wa na farko aikin da na biyu ne kaɗai ke iya yi.

Ɗauki littafin rasit na shagonku. Kowace takarda na da lambar jere da aka buga mata tun daga maɗaba'a, akwai kuma kwanan wata da awa da yaron shago ke rubutawa bayan ya kalli agogon hannunsa. Idan gardama ta taso kan wane ciniki ya riga wani, lambar jere ake dubawa, domin agogon yaro na iya gudu ko ya makara, lamba 412 kuwa ba ta taɓa zuwa bayan 413. Haka rumbu yake. Hatimin lokacin da kake sakawa a gurbin tebur rubutun yaron shago ne. Injin ajiya na da nasa ƙidayar daban, da ita yake sanin wane rubutu ya riga wani da kuma wanda ya kamata kowane mai karatu ya gani.

Mu fara da wanda ke cikin gurbi. A kan faifai babu rana, babu wata, babu shekara. Lamba ce zalla: adadin sakan da suka wuce tun daga wani mafari da aka yarda da shi. Mafarin da ya fi yaɗuwa shi ne na Unix, tsakar daren 1 ga Janairu 1970 a agogon duniya na UTC. Misali, lamba 1,700,000,000 ta faɗa ne ranar 14 ga Nuwamba 2023, ƙarfe 10:13:20 na dare a UTC, wato 11:13:20 a agogonmu. PostgreSQL nasa mafarin 1 ga Janairu 2000 ne, yana ƙirga maikurosakan, kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, a cikin bayit 8. Tazarar mafarin biyu sakan 946,684,800 ce. Amfanin ajiye lokaci a lamba shi ne kwatantawa da jerawa su zama aikin lissafi mai arha, kuma fihirisa ta iya tsalle kai tsaye zuwa inda ake nema.

PostgreSQL na da nau'i biyu masu kama da juna, timestamp da timestamptz, duka bayit 8. Sunan na biyun na ruɗar mutane su ɗauka yana ajiye shiyyar lokaci, alhali ba ya ajiyewa. Abin da yake yi shi ne, idan ka ba shi lokaci sai ya mayar da shi UTC ya ajiye, idan ka nema sai ya juya maka shi zuwa shiyyar da aka saita wa haɗinka. Shi kuwa timestamp mara tz duk abin da ka ba shi zai ajiye yadda yake, bai san ko agogon Katsina ne ko na Makka ba. Ga abin da ya riga ya faru, kamar ciniki ko biyan kuɗi, timestamptz nake ba da shawara ba tare da wata-wata ba.

Daga nan matsalarka ta farko ta fito. Najeriya na gaban UTC da awa ɗaya duk shekara, haka ma Nijar. Cinikin da aka yi ƙarfe 12:30 na daren 25 ga Maris a Katsina, a UTC ƙarfe 11:30 ne na daren 24. Yawancin sabar haya a kan UTC suke zuwa, saboda haka idan ka ce a yanko maka kwanan wata daga hatimin, duk abin da aka sayar tsakanin sha biyu da ƙarfe ɗaya zai koma jiya. A sauran watanni ba ka lura saboda shago a rufe yake a wannan awar, sai kasuwar Sallah ta kankama abin ya fito. Bayananka lafiyarsu ƙalau, tambayar da kake yi musu ce ke da gyara:

WHERE lokaci >= '2025-03-25 00:00+01' AND lokaci < '2025-03-26 00:00+01'

Lura da alamar farko tana haɗawa da iyaka, ta biyu ba ta haɗawa. Ka guji BETWEEN da 23:59:59, domin cinikin da ya faɗa 23:59:59.4 zai zube a tsakani, ba ya cikin yau ba ya cikin gobe. Idan rahoto ne na ranaku da yawa, tara su da (lokaci AT TIME ZONE 'Africa/Lagos')::date. Sunan shiyyar Najeriya ke nan a kundin shiyyoyi na duniya, babu ta Katsina ko Kano daban. Kada ka rubuta 'UTC+1' a matsayin sunan shiyya: PostgreSQL na karanta irin wannan rubutu da tsohuwar ƙa'idar POSIX inda alamar ke juyewa, sai ya ba ka awa ɗaya baya maimakon gaba, kuskuren ya zama na awa biyu.

Wani abin dubawa, idan sabar a Ingila take kuma an bar ta kan agogon Landan. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonsu daidai yake da namu, sauran watannin suna bayanmu da awa ɗaya. Manhajar da ke ajiye agogon saba a timestamp mara tz za ta yi wata bakwai kamar ba ta da aibi, sannan sanyi na shigowa komai ya goce. Rubuta SHOW timezone. Ka ga abin da zai fito kafin ka taɓa komai.

SQLite kuwa ba shi da nau'in lokaci kwata-kwata. Ko dai ka ajiye rubutu, ko lambar Unix, ko lambar ranar Juliyan mai ɗigo. CURRENT_TIMESTAMP nasa na ba da rubutu irin 2025-03-24 23:30:00, a UTC, ba tare da wata alama da ke nuna UTC ɗin ba ne, kuma iyakarsa sakan. Idan manhajarka ta tura wannan rubutu ga haɗin PostgreSQL da aka saita kan Africa/Lagos, za a ɗauke shi a agogon gida, a sake rage masa awa ɗaya. Maganin shi ne duk hatimin da zai bar na'ura ya fita da alamarsa, ko Z a ƙarshe ko +01:00. Kuma idan rubutu za ka ajiye, shekara ce farko, sai wata, sai rana, kowanne da sifirinsa. Tsarin 25/3/2025 da muka saba a takarda ba ya jeruwa daidai, domin a jerin haruffa 3/4/2025 zai zo bayan 25/3/2025 amma 10/4/2025 zai zo kafinsa. Idan lamba ka zaɓa, ƙirga tsawonta: lambobi 10 sakan ne, 13 milisakan, 16 maikurosakan. Duk ranar da ka ga rahoto ya nuna 20 ko 21 ga Janairu 1970, an ba wa mai jiran milisakan sakan ne.

Ga mai amfani da rumbun MySQL, TIMESTAMP ɗinsa bayit 4 ne kuma zai cika a sakan na 2,147,483,647, ranar 19 ga Janairu 2038 ƙarfe 3:14:07 a UTC. Wanda ke ajiye ranar ƙarewar yarjejeniyar haya ta shekara 15 ya riga ya isa wannan katanga tun yanzu. DATETIME na kaiwa shekara ta 9999, sai dai ba ya juya shiyya.

Yanzu ga lokaci na biyu, na injin kansa, inda matsalarka ta biyu take. Rumbu na aiki da ƙunshi: rubuce-rubucen da ke tsakanin BEGIN da COMMIT, ko su shiga gaba ɗaya ko kada ko ɗaya ya shiga. Idan ka gyara layi a PostgreSQL, ba ya goge tsohon ya rubuta sabo a gurbinsa. Sabuwar siga yake rubutawa a wani wuri cikin shafukansa masu kilobayit 8, ya bar tsohuwar. Kowace siga na da kai mai bayit 23, a ciki akwai lambobi biyu: xmin, lambar ƙunshin da ya haife ta, da xmax, lambar ƙunshin da ya kashe ta. Kana iya ganinsu da SELECT xmin, xmax, * FROM ciniki. Duk da ba ka taɓa ƙirƙirarsu ba. Mai karatu kuma, da zarar ya fara, ana ɗaukar masa hoton halin da ake ciki: waɗanne ƙunsoshi suka kammala, waɗanne ke buɗe. Sigar da ƙunshinta bai kammala ba lokacin ɗaukar hoton, a wurinsa babu ita. A duk wannan hukunci ba a kallon agogo ko sau ɗaya. InnoDB, injin ajiya na MySQL, ma haka, kowane layi na ɗauke da lambar ƙunshi mai bayit 6 da manuni mai bayit 7 zuwa tsohuwar sigarsa.

To ga yadda layukanka ke ɓacewa. A PostgreSQL, now() na ba da lokacin da ƙunshi ya fara, kuma ba ya motsi har ƙunshin ya ƙare. Ka ce ma'aikaci ya fara shigar da kayan da mota ta sauke ƙarfe 10:00:00, layi 300 a ƙunshi ɗaya, bai kammala ba sai 10:00:40. Duk layukan za su ɗauki hatimin 10:00:00. Ƙarfe 10:00:20 wani ya gyara farashin sukari, nan take ya shiga. Ƙarfe 10:00:30 reshen Daura ya zo jawo canje-canje: ya ga sukari, bai ga kayan mota ba tunda ƙunshinsu na buɗe, ya rubuta cewa ya tsaya a 10:00:20. Zuwansa na gaba zai nemi abin da ya fi 10:00:20, su kuma layuka 300 ɗin sun bayyana da hatimin da ke ƙasa da haka. Ba zai taɓa ganinsu ba. Canza now() zuwa clock_timestamp() na rage girman ramin amma ba ya cike shi, tunda har yanzu ana buga hatimin kafin COMMIT. Lambar jere ta serial ma na da wannan rami, domin ana raba ta ne lokacin rubutu.

Hanya mafi sauƙi ga shago irin naku ita ce komawa baya. Kowane zuwa, reshe ya nemi canje-canje daga inda ya tsaya a rage minti 10, sannan shigarwar ta zama wadda maimaici ba ya cutar da ita: kowane layi da lambar UUID, wato lambar shaida da ba ta karo da ta wani layi, da aka ba shi tun a inda aka haife shi, a shigar da INSERT ... ON CONFLICT don kada layin da ya riga ya shiga ya sake shiga. Minti 10 ɗin dole ya fi ƙunshi mafi tsawo da kuke da shi, don haka ka saita idle_in_transaction_session_timeout, ka ce minti 2, kada wani ya buɗe ƙunshi ya tafi sallar azahar. Hanya mafi inganci kuwa ita ce a karanta daga rajistar WAL, inda PostgreSQL ke rubuta kowane canji kafin ya taɓa shafukan tebur. Kowane matsayi a cikinta na da lamba mai bit 64 da ake kira LSN, kuma fasahar kwafi da ake kira logical replication da ke cikinsa tun siga ta 10 na fito da ƙunsoshi a jeren da suka kammala. Tana buƙatar kulawa: idan mai karɓa ya daina zuwa, saba za ta ci gaba da tara masa WAL har faifai ya cika, abin da ke iya faruwa ga reshen da ke kwana uku babu intanet. Saboda haka ga rassanku na fi son hanya ta farko.

Ƙaramin abu da ke tare da wannan: layuka 300 masu hatimi ɗaya, idan kana jawo ɗari-ɗari kana ci gaba daga hatimin ƙarshe, 200 za su faɗi. Jera da lokaci da lambar layi tare, ka ci gaba da duka biyun. Kuma Date na JavaScript milisakan kawai yake riƙewa, yana yanke lambobi ukun ƙarshe na hatimin PostgreSQL, don haka kada ka kwatanta su da alamar daidai.

Akwai injinan da lokacin cikinsu ya yi kama da agogo, kuma duba su na ƙara haske. WiredTiger, injin da ke ƙarƙashin rumbun MongoDB, na karɓar hatimi mai bit 64. MongoDB na cika rabin sama da sakan na Unix, rabin ƙasa da ƙidaya mai ƙaruwa a cikin wannan sakan ɗin, ta yadda rubutu biyu ba za su yi kunnen doki ba. Kowace siga na da hatimin farawa da na tsayawa, mai karatu kuma na zuwa da nasa hatimin, a ba shi sigar da ta fara kafinsa ko daidai da shi kuma ba ta tsaya ba tukuna. Sai alamomi biyu da ke tafiya gaba kullum. Ɗaya ita ce mafi tsufa: duk tarihin da ke bayanta an yarda a zubar, ba mai sake nemansa. Ɗayar ita ce tabbatacciya, wadda ba ta wuce inda mafi yawan sabobin rukunin da ke riƙe da kwafin bayanan suka amsa sun karɓa. A kan tabbatacciyar ake ɗaukar ajiyar faifai, duk sakan 60 a saitin asali, kuma idan shugabar rukuni ta faɗi aka naɗa wata, tsohuwar na komawa daidai wannan alama ta zubar da abin da sauran ba su sani ba. Idan wani mai karatu ya riƙe tsohon hoto ya hana alamar mafi tsufa motsi, tarihi na taruwa, ƙwaƙwalwa ta cushe, komai ya yi nauyi. PostgreSQL na da irin wannan ciwo: ƙunshin da aka manta a buɗe na hana VACUUM share matattun sigogi, tebur ya kumbura. Kuma da yake lambar ƙunshinsa bit 32 ce, wajen biliyan 2 kawai ake iya kwatantawa kafin ta zagayo, shi ya sa injin ke tilasta daskarar da tsofaffin layuka idan sun kai ƙunshi miliyan 200 a saitin asali. Kada ka kashe autovacuum, mai gudanar da wannan shara da kansa, don ka ga yana cin ƙarfin saba.

Matsalarka ta uku ita ce abin da ke faruwa idan aka bar agogon bango ya yanke hukunci. Ƙa'idar da manhajarka ke bi, mai hatimi mafi girma shi ya ci, ita rumbun Cassandra ke bi a kan kowane gurbi, kuma masu gudanar da shi sun san sharaɗinta: agogon kowace na'ura ya zama daidai. Agogon kwamfuta ɗan dutsen kwatz ne, kuskuren kashi 20 cikin miliyan abu ne da aka saba, wato kusan sakan 1.7 a rana, kimanin minti ɗaya a wata, kuma zafi na ƙara masa. Wannan ƙarami ne. Babban shi ne batirin CR2032 da ke kan babban allon cikin kwamfuta, wanda ke riƙe agogo. Idan ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta injin ya mutu, agogo na komawa shekarun baya, sai ma'aikaci ya saita da hannu, wani lokaci ya sa ranar gobe ko ya musanya safe da yamma. Kwamfutar da ke gaba da awa 12, duk farashin da ta rubuta babu mai iya danne shi sai awa 12 sun wuce. Wadda ke baya kuma gyaranta ba ya shiga, ba kuma tare da wani saƙon kuskure ba.

Manyan rumbuna sun kashe kuɗi sosai a kan wannan. Spanner na Google, da aka bayyana a 2012, na amfani da GPS da agogon atom, kuma duk da haka yana ɗan jira na 'yan milisakan kafin ya tabbatar da rubutu, har shakkar agogo ta wuce. CockroachDB na gauraya agogo da ƙidaya, bisa tunanin da Leslie Lamport ya kafa a 1978, yana yarda da saɓanin milisakan 500 a saitin asali, kuma sabar da ta ga agogonta ya kusa wannan iyaka kashe kanta take yi. Idan waɗannan ba su amince wa agogo haka kawai ba, kwamfutar shago a Daura ba ta cancanci a ba ta wannan amana ba.

Abin da za ka yi shi ne ka ƙara gurbin siga, lamba mai farawa daga 1, a teburin farashi. Reshe zai turo gyara tare da sigar da ya gani: UPDATE kaya SET farashi = 1500, siga = siga + 1 WHERE id = 88 AND siga = 7. Idan amsa ta dawo layi sifiri, wani ya riga shi, sai a nuna wa manaja farashin biyu ya zaɓa. Ga yawan kaya kuwa kada reshe ya turo cewa saura katan 40. Ya turo motsi: an sayar da 3, an karɓo 20. Motsi ko ta wane jere ya iso jimilla ɗaya zai bayar. Kowane ciniki kuma ya riƙe hatimi biyu, lokacin_faruwa daga na'urar reshe, don rasit da rahoto, da lokacin_karɓa da saba ke bugawa da kanta. A kowace daidaitawa na'ura ta turo abin da agogonta ke nunawa a wannan lokacin, saba ta kwatanta da nata, idan bambancin ya haura minti 2 a rubuta shi a gargaɗi mai shago.

Ita sabar, duba ta da timedatectl da chronyc tracking ka tabbata tana bin NTP, tsarin daidaita agogo ta intanet. A fayil ɗin chrony, manhajar da ke wannan daidaitawa, za ka ga layi irin makestep 1.0 3, ma'anarsa an yarda agogo ya yi tsalle ne kawai a daidaitawa uku na farko bayan kunnawa, daga nan sai dai a ja shi a hankali. Bar shi haka, kuma ka sa PostgreSQL ya jira agogo ya daidaita kafin ya tashi, domin tsallen baya a tsakiyar aiki na sa ciniki na biyu ya ɗauki hatimin da ya gaza na farko. Tsofaffin layukan da aka riga aka rage wa awa sau biyu kuwa, kada ka gyara su da UPDATE ɗaya a kan duka tebur. Ɗauki kwafin ajiya tukuna, ka zaɓi rasit 20 na takarda daga kowane reshe, ka gano ranar da gocewar ta fara da na'urar da ta shafa, sannan ka ƙara interval '1 hour' ga waɗannan layukan kaɗai, a cikin ƙunshi, ka ƙirga adadinsu kafin ka rubuta COMMIT.